Darasi na Bakwai: Gireba da Kantun Riɗi na Sallah

Da azumi ya shiga goman ƙarshe, aikin fulawa yake tashi a gidaje. Wata na yanka cincin, wata na naɗa dubulan, wata ta jiƙa alkama za ta yi alkaki. Duk waɗannan soyawa ake yi, kuma suna shan mai. A wannan darasi za mu koyi abubuwa biyu da ba sa shiga kaskon suya. Na farko gireba, wadda ake gasawa. Na biyu kantun riɗi, wanda ake haɗawa da narkakken sukari a yanka shi sala-sala. Dukansu suna daɗewa ba su lalace ba, ana ajiye wa baƙi da yara masu yawon Sallah, ana sa su cikin kayan gara, maƙwabtanmu Kirista ma suna yin irinsu lokacin Kirsimeti. Mutanen Masar da Sudan su ma suna gasa irin girebar nan a ƙarshen azumi, sai dai su da man shanu suka fi yi.

Kafin mu ci gaba, karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ki rubuta kowacce a littafinki: gireba, fulawa, sukari, riɗi, gyaɗa, gwangwani, garwashi. Ki lura da ƙugiyar da ke kan harafin ɗ a riɗi da gyaɗa, kada ki manta da ita.

Awo

Mata da yawa sun iya gireba, amma ta bana daban, ta bara daban. Wata shekarar ta yi taushi tana narkewa a baki, wata shekarar ta yi tauri har tsofaffi su kasa ci. Ba hannu ne ya canza ba. Awon ido ake yi, ido kuwa ba ya riƙe abin da ya auna bara. Shi ya sa nake so ki ɗauki wannan sashe da muhimmanci fiye da sauran.

Ki samu gwangwanin madara guda ɗaya, ki cire bakinsa, ki wanke, ki shanya. Da shi kaɗai za ki auna komai. Mudu da kwano sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, amma gwangwaninki yana nan yadda yake. In kin cika shi da fulawa, kada ki danna, kada kuma ki bar tozo. Ki sa bayan wuƙa ki share bakin ya yi daidai.

Ga awon gireba, ki rubuta shi da lambobi:

Fulawa, gwangwani 4
Sukari, gwangwani 1
Man gyaɗa, gwangwani 1
Bekin foda, rabin cokalin shayi
Gishiri, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka
Riɗi na barbaɗawa, cokali 2

Abin riƙewa shi ne 4, 1, 1. Wannan awo yana ba da gireba wajen 20, gwargwadon girman ludayin da kika yi amfani da shi. In 60 kike so, sai ki ninka komai sau uku: fulawa 12, sukari 3, mai 3. Ba a ninka fulawa a bar mai a baya don tsimi. Wadda ta yi haka ta rage kuɗin mai, amma ta yi asarar fulawarta.

Kwaɓi

Ki fara da sukari. Ki daka shi a turmi mai tsabta ko ki niƙa a bilenda har ya zama gari, sannan ki tankaɗe. Dalili shi ne kwaɓin gireba kusan ba shi da ruwa, don haka babu abin da zai narkar da ƙwayar sukari. In kin zuba shi yadda kika sayo, za a ji shi yana ƙaras-ƙaras a haƙori, kuma ya bar ɗigo-ɗigon ƙuna a jikin girebar.

Ki tankaɗe fulawa tare da bekin foda da gishiri a roba mai faɗi, ki zuba garin sukari ki gauraya. Sai ki riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan kina murzawa tsakanin tafin hannuwanki, har ko'ina ya sha mai. Za ki ga kwaɓin ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi. Ki dumbuza ki dunƙule a hannu. In ya tsaya bai wargaje ba, ya yi. In yana rushewa, ki yayyafa ruwa ko madara cokali ɗaya, ki sake murzawa, ki sake gwadawa. Kada ki wuce cokali biyu.

A nan ne gireba ta rabu da cincin da burodi. Fulawar alkama in ta haɗu da ruwa aka yi ta bugunta, danƙo take yi, danƙon nan kuwa shi mai burodi yake nema. Mai gireba gudunsa take yi. Man da kika murza yana lulluɓe garin ya hana shi danƙo, shi ya sa take ruguzgujewa a baki. Saboda haka ba a bugun kwaɓin gireba, ba a kuma tuƙa shi. Da ya haɗe, a bar shi.

Ni dai man gyaɗa na fi so a gireba saboda ƙanshinsa. In ɗanye ne na gida mai gafi, ki ɗan soya shi tukuna, ki bari ya huce sarai kafin ki zuba. Kada ki sa albasa wajen soya shi kamar yadda ake yi wa man miya, don warinta zai bi girebar. Wadda take da man shanu tana iya sa rabi shi, rabi man gyaɗa.

Yanzu ki ɗauki ƙaramin ludayi, ki barbaɗa riɗi kaɗan a cikinsa, ki cika da kwaɓi ki danna sosai da babban yatsa. Ki kifa shi a kan tiren da kika shafa wa mai, ki ɗan buga bayansa, girebar za ta sauko da riɗi a samanta. Ki bar tazarar yatsa biyu tsakanin kowacce. Duka su zama girma ɗaya, in ba haka ba ƙananan za su ƙone kafin manyan su gasu.

Wuta

Gireba ba ta son gaggawa. In kina da oben, ki kunna shi minti 10 kafin ki sa tire, ki saita shi a digiri 160 zuwa 170, ki gasa minti 20 zuwa 25. In akwai gidan burodi a unguwarku, kina iya kai tirenki bayan sun gama fitar da burodi, lokacin da zafin ya sauka. Ki rubuta sunanki da adadin girebarki a takarda ki haɗa da tiren, don ana cunkoso a jajiberin Sallah, tire yakan shiga hannun da ba nasa ba.

Wadda ba ta da ko ɗaya, tukunya ta ishe ta. Ki samu babbar tukunya mai murfi, ki zuba yashi mai tsabta a ƙasanta, kaurin yatsa uku. Ki ɗora duwatsu uku masu tsayi ɗaya a kan yashin, su ne tiren zai zauna a kai don kada ya taɓa ƙasa. Ki rufe, ki ɗora a kan garwashi minti 15 ta ɗau zafi. Don ki gane ko wutar ta yi, ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki sa a ciki. In ta yi baƙi nan da nan, wuta ta yi yawa, ki janye garwashi. In sai bayan 'yan mintoci ta fara yin ja-ja, to ta yi daidai. Ki sa tire, ki rufe, ki zuba garwashi kaɗan a kan murfin domin saman ma ya samu zafi.

Kada ki jira saman gireba ya yi ja. Fara take fitowa, ƙasanta ne kawai ke yin ruwan zuma. Ki ɗaga ɗaya da cokali ki duba. In ƙasan ya yi, ki sauke, ko da kin ji ta da laushi. Da zafinta laushi gare ta, taɓa ta ma fasa ta yake yi. Ki bar ta a tiren har ta huce, a nan take yin ƙarfi.

Ina roƙonki, kada ki shigar da garwashi ɗaki ki rufe ƙofa, ko da sanyin hunturu ya dame ki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma kashe mutum yana zaune. A tsakar gida ake gashi, ko a madafa mai taga a buɗe.

Kantun riɗi

Rabin aikin kantu gyaran riɗi ne. Ana noma riɗi sosai a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, kuma yakan iso kasuwa da yashi da tsakuwa a cikinsa. Ki ɗan yayyafa masa ruwa ki surfa a hankali don dusar ta fita, ki wanke, ki rege da ƙwarya har sai ba kya ganin yashi a ƙasa, sannan ki shanya ya bushe ƙarau. Ki soya shi a kasko ba mai, wuta kaɗan, hannunki bai daina juyawa ba. Da ya fara tsalle yana ƙanshi, ki juye a tire. Riɗin da ya ƙone ɗaci yake yi, kuma duk yawan sukari ba ya ɓoye ɗacin.

Awonsa 2 da 1 ne: riɗi gwangwani 2, sukari gwangwani 1. Kafin ki ɗora sukari a wuta, ki shafa mai a tire, a kwalbar da za ki yi murji da ita, da kuma wuƙa, domin in sukari ya narke ba ya jiran kowa. Ki zuba shi a busasshiyar tukunya, ki matsa lemon tsami cokalin shayi ɗaya, wanda ke hana shi komawa ƙwaya-ƙwaya. Ki bar shi a wuta kaɗan har ya narke ya yi ruwan zuma. Nan take ki juye riɗi, ki gauraya da muciya, ki kwashe a tire, ki murza da kwalba ya yi kaurin ɗan ƙaramin yatsa. Ki yanka tun da ɗuminsa. In ya huce, sai dai a fasa.

Ruwa yana tafasa a digiri 100, narkakken sukari kuwa yana haura digiri 150, ga shi yana manne wa fata. Ki kawar da yara daga wurin, ki sauke goyo kafin ki fara. In ya zubo wa wani, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi na minti 20. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko man goge baki. In ƙunar babba ce, ko a fuska take, ko ƙaramin yaro ne, a tafi asibiti.

Haka ake yin kantun gyaɗa, da awo iri ɗaya. Sai dai ki zauna ki tsince ta da kyau, duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canza launi ki zubar, don gubar da ke cikinta tana lahanta hanta, suya kuma ba ta kashe ta.

Ajiya

Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, saboda haka Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2025 Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris cikin zafi, Babbar Sallah kuma a farkon Yuni, damina na sauka. Wannan ya shafi ajiyarki. Da rani gireba da kantu suna yin mako biyu lafiya. Da damina sukari yana jan raɓa, kantu ya yi danƙo, gireba ta yi sanyi, don haka ki yi su kusa da Sallah. Ki bari su huce sarai kafin ki zuba a bokiti mai murfi, kowanne da mazubinsa. Ki rubuta ranar da kika yi su a takarda ki manna a jikin murfin.

Lissafi

Waɗannan kuɗaɗe na gwaji ne kawai, ke za ki sa na kasuwarku. A ce za ki yi gireba 60 ta sayarwa. Kin sayi fulawa ta naira 1,800, sukari na 900, mai na 1,500, riɗi na 300, gawayi na 500. Ki jera su a littafi, lamba a ƙarƙashin lamba, ki tara. Jimilla naira 5,000. In kin sayar da kowacce a naira 100, kin samu 6,000, ribarki 1,000. To amma a ce kin bar tukunya a wuta kin shiga wani aiki, guda 10 suka ƙone. Saura 50, kuɗinsu 5,000. Uwar kuɗi ce kawai ta dawo, wahalarki ta yini guda ta tafi a banza. Ki kuma lura ba mu sa kuɗin leda da na mota zuwa kasuwa ba, su ma dole su shiga lissafi kafin ki yanka farashi.

Aikin gida

1. In fulawarki gwangwani 8 ce, gwangwani nawa na sukari da na mai za ki sa?
2. Kina da riɗi gwangwani 6. Sukari nawa kantunki yake bukata?
3. Rubuta jimla biyu a kan abin da za a yi wa wanda narkakken sukari ya ƙona.
4. Ki je kasuwa ko shagon unguwa ki tambayi farashin fulawa, sukari, mai da riɗi, ki rubuta, ki sake lissafin gireba 60 da kuɗin da kika samo.

Mako mai zuwa kowacce ta zo aji da littafinta da gwangwaninta. Za mu yi karo-karon fulawa da mai, mu gasa gireba 20 a tukunyar yashi, kowacce ta auna da hannunta.