Kurakuran da ake yi wajen zaɓen kwas ɗin koyon nutso a teku

Matasan unguwannin Nima, Maamobi da Madina a Accra masu sha'awar koyon nutso da tukunyar iska sukan fara da tambayar sidi nawa za su biya, alhali abin da ya kamata su fara sani shi ne izinin da takardar shaidar za ta ba su. Gwajin yini ɗaya da ake kira Discover Scuba Diving ɗanɗano ne kawai, ba a bayar da takarda a ƙarshensa. Takardar Scuba Diver kuwa ta tsaya a zurfin mita 12, kuma dole ƙwararre ya raka mai ita. Wadda ke ba mutum damar yin nutso da abokinsa har mita 18 ita ce Open Water Diver, don haka a nemi a ga sunan kwas ɗin a rubuce kafin a biya ko kwabo.

Akwai kuma masu ɗaukar wannan takarda a matsayin hanyar samun aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema ko a rijiyoyin mai na yankin Takoradi. Takardar ta nishaɗi ce; walda da gyaran jirgi a ƙarƙashin ruwa sana'a ce dabam mai makarantunta da nata horon.

Jayayya kan ƙungiyar bayar da takardar nutso da ta fi, ko PADI da aka kafa a 1966, ko SSI ta 1970, ko CMAS ta 1959, ɓata lokaci ne a ganina, domin wuraren nutso a duniya suna karɓar takardunsu duka. Malamin ne ya cancanci bincike. A tambayi lambarsa a tabbatar da ita a wurin ƙungiyar, a ji ɗalibai nawa yake shiga ruwa da su, sannan a je a ga yadda yake koyarwa. A tsarin PADI akwai karatu, da darasi 5 a kwamin iyo, da nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa, kuma sai ɗalibi ya yi iyon mita 200 ya kuma zauna a saman ruwa na minti 10. Malamin da ya ce zai yafe maka gwajin iyo don ka biya kuɗi, tun nan ya nuna maka yadda zai yi da sauran ƙa'idojin. Wanda bai iya iyo ba ya fara koyonsa tukuna, babu abin kunya a ciki.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne ɓoye ciwo a takardar tambayoyin lafiya. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na doron ƙasa, iskar da ke cikin huhu kuma tana kumbura yayin tasowa, shi ya sa ake hana riƙe numfashi. Mai asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko matsalar kunne, sai ya ga likita tukuna. Ciwon sikila, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu na zango, yana daga cikin abubuwan da ke hana nutso. Haka nan ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon da kumfar iska ke haddasawa a jini, saboda haka ya fi dacewa a kauce wa sa kwanakin shiga teku a cikin watan azumi.

Mutane kuma ba sa tambayar inda za a yi nutso huɗun nan. Tekunmu yana da igiya mai ƙarfi, kuma daga Yuli zuwa Satumba ruwan yakan yi sanyi ya gurɓace. An yarda ɗalibi ya kammala karatu da darasin kwami a wuri ɗaya, ya karɓi takardar miƙawa, ya ƙarasa a wani wuri kamar Bahar Maliya a Masar ko Zanzibar cikin wata 12. Wanda ya zaɓi haka ya bar aƙalla sa'o'i 18 tsakanin nutsonsa na ƙarshe da hawa jirgin dawowa Accra, kuma ya sa a rubuta masa ko kuɗin ya haɗa da hayar kaya, littafi da kuɗin fitar da kati.