Yadda ake haɗa ƙorafi kan shafin intanet da ya ɗana maka tarko

Shafin da ya shigar da kai rajistar biyan kuɗi duk wata da dannawa ɗaya, sannan ya ɓoye ƙofar fita, a ƙasashe da dama ya taka doka. Sai dai hukuma hujja take nema, ɓacin rai ba ya isar ta.

Kafin ka soke komai, ɗauki bidiyon allonka tun daga shafin farko har inda ka maƙale, adireshin shafin da kwanan wata su fito. Kada ka jinkirta, domin kamfanoni kan gwada fasali iri-iri a kan mutane daban-daban, abin da ka gani yau ba lallai ka same shi gobe ba. Sannan ka ƙirga dannawa nawa aka yi wajen shiga, nawa wajen fita. Nan ƙarfin ƙorafinka yake. A kan irin wannan bambanci ne CNIL, hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, ta ci Google tarar yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, a farkon 2022: amincewa da kukis (ƙananan fayilolin da shafi ke ajiyewa a na'urarka don bibiyar ka) maɓalli ɗaya ne, ƙin su kuwa sai an sha zagaye.

Daga nan sai ka fito da asarar da alƙaluma: nawa aka cire, a waɗanne ranaku, haɗe da takardar banki. Idan bayananka aka kwasa, faɗi waɗanne.

Wace doka ta dace? A Tarayyar Turai, kuɗin da aka ƙara maka ta akwatin da aka riga aka sa wa alama haƙƙinka ne a mayar, kuma yawancin sayayyar intanet kana da kwana 14 na fasawa. Sashe na 25 na DSA, dokar ayyukan intanet ta Tarayyar, ya haramta tsara shafi don yaudarar mai amfani a dandamali, amma bai shafi abin da dokar kare masu saye ko GDPR, dokar kare bayanan mutane, suka riga suka tanada ba, don haka da waɗannan ake farawa. A Amurka, dokar ROSCA ta 2010, mai kare masu saye a intanet, ta wajabta hanyar sokewa mai sauƙi, da ita FTC, hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, ta gurfanar da Amazon a 2023 kan rajistarsa ta biyan kuɗi mai suna Prime, aka sasanta a 2025 kan dala biliyan 2.5. Indiya kuma ta lissafa dabarun yaudara 13 da ta haramta a 2023.

Rubuta wa kamfanin da imel, ka nemi takamaiman adadi, ka sa wa'adi. Waya ba ta barin shaida. In sun yi shiru, je banki ka ƙalubalanci cirar, amma da sauri, don akwai wa'adi: a Amurka kwana 60 ne ga katin bashi daga aiko bayanin asusu. Hukumar kare masu saye ita ce ta gaba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sharuɗɗan amfani. Da yawa sun tilasta sulhu a wajen kotu, sun hana ƙarar taron dangi. Wannan sharaɗi bai ɗaure hukuma ba, saboda haka ko ƙofar kotu ta rufe maka, aika mata bidiyon da lissafin dannawarka.