Kafin ka kafa bukkar dakon agwagi a ruwan gwamnati a Amurka, ga abin da za ka fara yi

Jama'a sallama. Ranar Asabar da dare muna zaune a majalisarmu nan Agege ana shan shayi sai ɗan yayata da ke jihar Meriland ya kira ni, ya ce Kawu wallahi na ga agwagin ruwa sun cika wani gaɓa kusa da mu kamar a Nguru, katako zan saya in kafa bukka in fara dako. Na ce kai yaro tsaya tukuna, kar ka buga ko ƙusa ɗaya. Ni ɗan Nguru ne, da farautar kirinjijiya da dinya na tashi kafin neman abinci ya kawo ni Legas, kuma na taɓa zuwa can ziyara wani mai masaukina ya fita da ni ruwa da asuba cikin sanyi mai shiga ƙashi, to na ga yadda suke abin da idona. Shi ne na ce bari in rubuta don duk mai ɗa ko ƙani a can ya tura masa.

Abu na farko da za ka saka a ranka, ruwan na gwamnati ne eh, kowa na iya wucewa da kwalekwalensa, amma gurbin da za a kafa bukkar dako yana da mai shi a takarda. Mu a gida wanda ya riga zuwa fadama shi ke da wuri, in ka ga mutum ya sa kan burtu yana rarrafe sai ka kauce masa kawai, ladabi ne ba doka ba. Can kuwa doka ce, da tara a bayanta.

To fara da takardun jikinka kafin maganar bukka. Lasisin farauta na jihar da kake, wanda galibi sai ka yi kwas na koyon riƙe bindiga da ka'idar farauta kafin su ba ka. Sai kan sarkin agwagwa na gwamnatin tarayya, wannan tun 1934 ake sayar da shi, da dala 1 aka fara, tun 2015 ya koma dala 25, kuma dole ne a kan duk wanda ya kai shekara 16. Yana aiki daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, in na takarda ka saya sai ka sa hannu da biro a fuskarsa in ba haka ba kamar ba ka da shi ne. Kusan duk kuɗin, kashi 98 cikin 100, a sayen fadamu da kare su yake tafiya, ni dai wannan tsarin yana burge ni ƙwarai. Sai rajistar da suke kira HIP ta masu harbin tsuntsaye masu ƙaura, ita ƴan tambayoyi ne kawai. Jihohi da yawa kuma suna da nasu kan sarkin daban. Wanda ke can da bizar ziyara ko ta karatu ya kula sosai, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, ɗaya daga cikin ƴan ƙofofin da aka bari ita ce ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki, don haka lasisi kafin bindiga, ba bindiga kafin lasisi ba.

Yanzu maganar bukka, nan ne aikin yake, kuma kowace jiha da nata. A Meriland mai filin da ya taɓa ruwa shi ake fara ba dama, zai yi wa gaɓarsa lasisi tun kafin shigowar Yuni, kuma shi ne ko wanda ya ba izini ke iya gina bukka tsayayya a cikin ruwan. Kai da ba ka da fili sai ka jira Agusta, lokacin ake raba guraben da suka rage ga mazauna jihar, da ƙuri'a ake fitar da wanda zai fara zaɓa, kuma abin da za ka samu gurbi ne na ɗaure kwalekwale ka lulluɓe shi da ciyawa, ba wurin zuba katako ba. Tsakanin gurbi da gurbi sai an bar yadi 250. Ka ga kenan katakon da ɗan yayata ya so saya asara zai yi, don gidan haya yake ciki.

A jihar Bajiniya kuma dokar bukka ta fi aiki ne a yankin da ke gabas da babban titin I-95, kuma su jadawali suka yi hawa uku. Masu fili daga 1 ga Fabrairu zuwa 15 ga Yuni, sai wanda ba shi da fili amma shi ya riƙe gurbin bara daga 1 ga Yuli zuwa 15 ga Agusta, sai sabon shiga daga 1 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba ya ɗauki abin da ya rage. In ka samu sai ka tabbata bukkar ta tsaya kafin 1 ga Nuwamba ta wuce, da alamar lasisin a manne inda za a gani. Tazararsu kuma yadi 500 ce, ba ka da ikon yin harbi a cikin wannan tazarar daga bukkar wani mai lasisi sai da izininsa, ko da kuwa babu kowa a ciki ranar. Yadi 500 a kan ruwa yana ruɗin ido fa, kusan tsawon filin ƙwallo huɗu da rabi ne amma sai ka ga kamar nan da can.

Wannan ni ya faru da ni. Ranar da muka fita, hazo ya rufe ko'ina, mai masaukina na jera agwagin roba a ruwa ni kuma ina riƙe da fitila, sai ga wani dattijo da karensa a ƙaramin jirgi, bai ɗaga murya ba, ya haska mana wata alama a jikin turke can gefe ya ce kun shigo mini. Haka muka tattara agwagin roba ɗaya bayan ɗaya hannu na daskarewa, kafin mu samu wani wuri gari ya waye tsuntsaye sun tashi. Tun daga ranar nake cewa ka je da rana tsaka kafin lokacin farauta ya buɗe, ka zaga wurin, ka ɗauki lambobin GPS a wayarka, ka gwada da taswirar hukumar namun daji ta jihar, kar ka dogara da ido da asuba. Ranakun nan da na lissafa ma ka sake duba su a shafin hukumar duk shekara kafin ka biya kuɗi.

Lasisin bukka kuma bai wanke ka daga dokar harbi ba. Harsashin dalma an hana shi a farautar agwagi duk faɗin Amurka tun 1991 saboda tsuntsaye na haɗiye ƙwayoyin su mutu, sai na ƙarfe ko makamancinsa. Bindiga kar ta ɗauki fiye da harsashi 3, akwai ɗan guntun sanda da ake cusawa a ma'ajiyarta don haka. Lokacin harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa faɗuwarta. Sai babbar wadda ta fi kama mutanenmu, zuba hatsi. Mu mun saba a watsa gero ko dawa don a jawo tsuntsu, can laifi ne babba, kuma ko an kwashe hatsin tas wurin yana nan a haramce har kwana 10. Ɗaure agwagwa mai rai ta kira ƴan uwanta ma an hana tun 1935.

Wani abokina a majalisa ya ce to mu nan Legas fa, in mutum ya ga agwagi wajen Epe ko Badagry? Na ce Alhaji nan kafin maganar bukka akwai maganar bindiga, dokar makamai ta 1959 tana nan, bindigar farauta sai da lasisin ƴan sanda, ko ta toka ce. Ruwan kuma akwai hukumomin kula da hanyoyin ruwa, NIWA ta tarayya da LASWA ta jiha, ga masunta da ragarsu da baale, wato mai gari, wanda sai ka fara gaishe shi. A gida ma Dagona wuri ne da aka keɓe wa tsuntsaye a cikin gandun dajin Tafkin Chadi, ba a harbi a ciki, kuma wasu agwagin da ke sauka can da hunturu daga Turai suke tahowa.

Shi dai ɗan yayata na ce masa bana ya yi kwas ya karɓi lasisi ya sayi kan sarki, ya bi wani mai gurbi a matsayin baƙo ya ga yadda ake yi, in Allah ya kai mu Agusta mai zuwa ya shiga ƙuri'a. Jiya ya turo min hoton takardar kwas ɗin, ranar Asabar zai fara.