Kun sake ɗora Windows, wurin ajiya ya ragu? Ga inda ya shige

'Yan uwa, in kun sake ɗora Windows a laftof kuka ga wurin ajiya ya ragu ba gaira ba dalili, kada ku yi saurin cewa kwamfutar ta lalace. Ku fara leƙa C:, wato ɓangaren faifan ajiya da Windows ke zaune a kai, galibi za ku tarar da jaka (folder) mai suna Windows.old. Tsohon tsarin ne kacokan aka jibge a ciki.

Don Allah, kafin ku taɓa ta, ku shiga Users da ke cikinta ku kwashe hotuna da takardunku, domin in ta tafi, ta tafi ke nan, hanyar komawa tsohon tsarin ma ta rufe. Sannan, don goge jakar, ku buɗe Disk Cleanup, manhajar share tarkace ta Windows, ku danna Clean up system files, ku zaɓi Previous Windows installation. Wannan ya fi gogewa da hannu, wadda takan cije.

In har yanzu lissafi bai cika ba, ku buɗe Disk Management, manhajar Windows da ke nuna yadda aka rarraba faifan. Ɓangaren da aka rubuta wa Unallocated wuri ne da ke zaune a banza; Extend Volume zai haɗe shi da C:, muddin yana manne da shi ta dama.

Faifan 500GB kuwa da ke nuna 465GB lafiyarsa lau, bambancin ƙidaya ne kawai tsakanin masu ƙera faifan da Windows.