Yadda ake shiga kallon diramar Koriya da ta Sin ba tare da an gaji a hanya ba

Na sha ganin mutum ya je wajen masu tura fim a waya, a loda masa diramar Sin mai kashi 70, ya kalli uku ya ajiye, ya ce wai duk kamarsu ɗaya kuma labarin ba ya tafiya. Laifin na wanda ya zaɓar masa ne. Abin yana da tsari, ga yadda nake ɗora duk wanda ya nemi shawarata.

Mataki na farko, fara da Koriya, ta zamani, mai kashi 16. Mutanen cikinta ba su da yawa, kowa da sunansa guda, labarin kuma yana kama ka tun kashin farko. Mai son soyayya ya ɗauki Crash Landing on You ta 2019: wata hamshaƙiyar 'yar kasuwa daga Koriya ta Kudu guguwa ta kwashe ta tana shawagi da lema ta jefa ta Koriya ta Arewa, ta faɗa hannun wani kyaftin ɗin soja. Wanda soyayya ba ta dame shi ba ya nemi Signal ta 2016, inda ɗan sanda ke magana ta tsohuwar oba-oba da wani ɗan sandan da ke can shekarun baya, suna warware kisan da aka kasa ganowa. A wurina Reply 1988 ta fi su duka. Iyalai biyar ne a lungu ɗaya na unguwar Ssangmun-dong a birnin Seoul, iyaye mata suna aiken yara da kwanon abinci gida-gida har a rasa wa ya dafa me. Amma kashinta 20 ne, kowanne ya haura awa guda, don haka ta zama ta biyu da za ka kalla.

Mataki na biyu, tarihin Koriya. Nan babu jayayya: Dae Jang Geum ta 2003, wadda wasu suka sani da Jewel in the Palace, kashi 54. Yarinya ce ta fara daga ɗakin girkin fada har ta zama likitar sarki a daular Joseon. Bayan ta sai Jumong ta 2006, kashi 81, labarin wanda ya kafa daular Goguryeo. Waɗannan biyun su za su koya maka haƙurin zama da dogon labari, kuma za ka buƙace shi.

Mataki na uku shi ne inda jama'a ke zubewa, wato diramar fadar Sin, don haka a nan zan daɗe. Abin da ke kayar da sabon shiga sunaye ne. Mutum ɗaya yana iya amsa suna uku ko huɗu: wanda iyaye suka raɗa masa, wanda ake ba shi idan ya girma domin sa'anninsa su riƙa kiransa da shi, sannan sarautarsa. Kamar dai a ce Muhammadu ne a takarda, Ɗanjuma a gida, Ciroma a fada. A Nirvana in Fire ta 2015, mai kashi 54, jarumin da Hu Ge ya fito a matsayinsa asalin sunansa Lin Shu. Bayan an yi wa rundunar mahaifinsa sharrin cin amana an hallaka ta, ya koma Mei Changsu, da ya dawo babban birni bayan shekara 12 kuma ya ce shi Su Zhe ne. Wanda bai riƙe wannan ba zai zaci mutum uku ake magana, daga nan ya ɓata.

Maganin shi ne takarda da biro, kuma da gaske nake. Duk wanda ya fito, rubuta sunansa da wata alama tasa: mai gemu, mai tufafin fata, matar da ke riƙe da takobi. Ja layi tsakanin wa ke bayan wa. A wannan fim ɗin 'ya'yan sarki uku ne za ka fi sa wa ido, yarima mai jiran gado, Yarima Yu da Yarima Jing. Ka tuna sunan dangi shi ke zuwa farko, saboda haka in ka ga mutane da yawa sunansu ya fara da Xiao, 'yan gidan sarauta ne. Kada ka kalli kashi biyar na farko kana danna wata wayar ko kana girki, domin jimla ɗaya da ta wuce a fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoton tana iya zama ita ce ginshiƙin abin da zai faru kashi 20 a gaba. In ka kai na biyar, koma ka maimaita na ɗaya da na biyu. Mutane na ganin ɓata lokaci ne, alhali a nan ne fuskokin ke zauna maka.

Kada ma ka fara da Nirvana in Fire. Bi ta Story of Yanxi Palace ta 2018 tukuna. Kashinta 70, amma zarenta ɗaya ne: Wei Yingluo ta shiga fadar Sarki Qianlong a matsayin mai ɗinkin surfani domin ta gano wanda ya kashe yayarta, kuma ba ta barin bashi ya kwana. Empresses in the Palace ta 2011, kashi 76, ta fi ta zurfi nesa ba kusa ba, sai dai matan sarki suna sauya laƙabi duk lokacin da aka ɗaga ko aka sauke darajarsu, shi ya sa nake barin ta a ƙarshe. Wanda rigunan fada ba sa burge shi ya kalli Reset ta 2022, kashi 15 kacal, wasu matasa biyu da ke farkawa a cikin motar bas ɗaya da ke fashewa da su sau da yawa.

Batun kuɗi kuwa, kashin diramar Sin kusan minti 45 ne, ka ninka da 70 ka ga datar da za ta tafi. Sauke a 480p, wato hoto mara nauyi, da datar dare, a fuskar waya ya isa. Kamfanoni irin su iQIYI da Tencent da Youku suna sa wasu diramominsu kyauta a YouTube da fassarar Turanci. In wajen masu turi za ka, buɗe kashi na ɗaya da na ƙarshe a gabansu, don ana yawan samun kashin da ya ɓace ko fassarar na'ura mai hautsina sunaye.

Sai kallo da iyali. Squid Game da Kingdom jini ya yi musu yawa, kada a kunna gaban yara. Diramar Koriya ta zamani kuma ba ta rabo da teburin giya. Dae Jang Geum ce za ka iya sa wa a falo kowa ya zauna.