Shawara ga masu karen da yatsarsa ta karye ta ƙi warkewa

'Yan'uwa maharba da masu karnukan gadi a Gusau da kewaye, karayar yatsar kare takan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ƙashin ya haɗe, kuma takan zarce haka idan ta shafi ɗaya daga yatsu biyu na tsakiya, domin su ne ke ɗaukar nauyin jiki. Abin da ya fi jinkirta warkewa shi ne yawo, saboda haka a tsare shi a ƙaramin wuri, kada a fita da shi farauta don kawai ya daina ɗingishi.

A riƙa duba ɗaurin safe da yamma, musamman da damina. Idan ya jiƙe, ko yana wari, ko yatsun da ke waje sun kumbura sun yi sanyi, a garzaya wurin likitan dabbobi a ranar, domin ɗauri mai matsewa yana hana jini gudana. Ina roƙonku kada ku ba shi ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna lalata masa ciki da ƙoda. In an wuce wata biyu ba sauƙi, a nemi hoton ƙashi, ko da sai an je asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.