Yadda za ka sa wayarka ta yi aikin kwamfuta kafin ka sai laftof

Wani ƙanena da ke karatu a jami'ar Danfodiyo ya zo shina ta damuwa wai furojet ya matso kuma ba shi da kuɗin laftof, na ce miƙo wayar nan taka in gani. Jama'a wallahi da yawanmu muna yawo da kwamfuta a aljihu ba mu sani ba. Tun 2020 da Apple suka fito da M1, ƙwaƙwalwar da ke cikin laftof ɗinsu irin ginin ARM ce, dangi ɗaya da ta waya, a 2024 kuma ƙwaƙwalwar Snapdragon X, ita ma ginin ARM, ta shigo laftof masu Windows. Tazarar kullum raguwa take.

Fara da kibod. Matsalar waya ba ƙarfi ba ce, babban yatsa ne, ba mai buga shafi 60 da shi. Ka nemi kibod da maus na Bluetooth wajen masu kayan waya, in babu ka sai ɗan kan OTG, wanda ke haɗa waya da kayan USB, ka jona na USB ko da tsoho ne. Sa manhajar rubutu ta WPS Office ko Google Docs, jingina wayar a kwance, shi ke nan ka fara aiki. Ɗiyanmu masu shirin JAMB su ma a ba su su saba, tunda jarabawar a kwamfuta ake yin ta, tausayi yaro ke ba ni in ranar ce ya fara riƙe maus.

Sai sikirin, nan ake asarar kuɗi. Ba kowace waya mai USB-C ke fidda hoto zuwa talabijin ba, sai wadda ke da DisplayPort, wato fasahar fidda hoto, a bakin cajinta, yawancin masu araha ba su da shi. Manyan Galaxy S suna da DeX tun S8 na 2017, kana jonawa da HDMI zai buɗe maka kamar kwamfutar tebur, iPhone 15 ma tana fiddawa. Don Allah kar ka biya kuɗin adafta sai an gwada ta da wayarka a shagon, a gabanka.

To ga inda kwamfutar tebur ta fi, kuma ban ga ranar da za a kamo ta ba: zafi. Ita tana da fanka tana shan wuta wat ɗaruruwa, waya 'yan wat kaɗan take iya ɗauka, da ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kar ta lalace. Kai ko ka san Sakkwato a watan Afirilu, ma'auni na wuce 40, wayar ma tun ba ta fara aiki ba ta ɗumama. Don haka cire mata kwaba, kar ka ɗora ta kan katifa, kar ka haɗa caji da aiki mai nauyi, in bidiyo za ka haɗa bari sai bayan asuba, batir ma zai fi daɗewa.

In aikinka na manhajar lissafi ta SPSS ne ko cikakkiyar manhajar zane ta AutoCAD, kar ka wahal da kanka, nemi kwamfuta ko ka tafi kafe ranar da kake buƙata. Ƙanen nawa babi huɗu ya buga a waya, lissafin kawai ya ari laftof ɗin abokinshi kwana 2.